Neman Shawara Kan Ƙetare Tsaunukan Alps da Babur a Watan Mayu

Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Munich na Jamus, kuma na ƙudiri aniyar zuwa arewacin Italiya da babur a tsakiyar watan Mayu, domin a lokacin kaɗai nake da hutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mashigar Stelvio, wata hanya da ta ratsa tsaunukan Alps a bisan mita 2,757 daga matakin teku, wadda dusar ƙanƙara kan rufe har wajen ƙarshen Mayu. Hanyar Grossglockner ta Ostiriya takan buɗe da wuri, amma ina fargabar ruwan da ke narkewa da rana ya daskare a kan kwalta da asuba, musamman inda hanya ta lanƙwasa cikin inuwa, ga shi tayoyina ba na ƙanƙara ba ne. Don Allah, waɗanda suka taɓa bin hanyar Grossglockner, da ƙarfe nawa ya kamata in fara hawan dutsen?