Dabbab (babur) mai silinda uku da ya daɗe a ajiye: GT750 ko XS750?

Ɗan Hindawiyya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na zaure. Akwai tsofaffin babura biyu a wani sito nan Jidda, dukansu masu silinda uku, Suzuki GT750 na 1975 da Yamaha XS750 na 1978. Mai su ya ce sun haura shekara goma ba a tayar da su ba. Kuɗin ɗaya ne kawai a hannu. Wanne za a ɗauka, kuma me za a duba kafin a biya?

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Yarona, kada ka yarda mai su ya jona batir ya tayar maka don ya burge ka. Injin da ya yi shekara goma a kwance bangon silindarsa a bushe yake, ga tsatsar da damshin Bahar Maliya ke sawa. Tayarwa ɗaya a haka ta isa ta karce silinda ta karya ring. Ka cire fulogi ukun, ka zuba cokali ɗaya na mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Washegari ka taka kik a hankali, fulogin na waje. Idan ya juya sumul, madalla. Idan ya cije, kada ka hau kansa da ƙarfi. Daga nan sai gejin kwamfireshan: ka buɗe totur gaba ɗaya ka auna kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100.

Abu Sadik: Baba ya faɗi gaskiya. Ni dai ra'ayina Suzukin, don ruwa ke sanyaya shi. A Ingila ma butar shayi suke kiransa. Matsalar duk mai silinda uku da iska ke sanyayawa ita ce ta tsakiya: 'yan uwanta sun tsare ta dama da hagu, tayar gaba ta tare mata iska. Ka tsaya da shi a cunkoson titin Madina da azahar a watan Yuli, ita ce za ta fara galabaita. GT750 yana da lagireto, wannan damuwar ta ragu ƙwarai.

Na Shari' Mansur: Abu Sadik, ka faɗi daɗin ka ɓoye ɗacin. GT750 tu-sitirok ne, wato injin da ke ƙona mai tare da fetur, rayuwarsa duka a kan sil ɗin kuranshaf take. Roba ce, kuma shekara goma a zafin sito ta mayar da ita kamar busasshen ƙirgi. Idan sil ya bar iska ta shiga, fetur ya yi kaɗan a haɗin, fistin ya yi zafi har ya huje ko injin ya buga. Alamarsa: ka saki totur amma ƙara ta ƙi sauka da wuri, fulogi ya fito fari fat. Idan kuma wanda ke kusa da man giya ne ya mutu, sai hayaƙi mai kauri da wari ya riƙa fita, man giya yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba.

Gwajinsa ba wuya. A cire kafireta da salansa, a toshe ramukan, a hura iska da famfon hannu zuwa 6 psi, kada a wuce haka. A jira minti biyar. Idan allurar ta sauka, a fesa ruwan sabulu a nemi inda yake kumfa. Kowace silinda daban ake yi mata.

Kuma ƙanena ka sani, canja sil ɗin tsakiya ba aikin yamma ɗaya ba ne. Kuranshaf ɗin guntu-guntu aka matse shi, sai an raba shi da injin matsa, a sa sabbin sil da boris, a mayar da kowane hannu digiri 120 daga ɗan uwansa, a ɗora a kan geji a daidaita. Ba kowace makhraɗa (shagon gurzar ƙarfe) a sana'iyya, unguwar masu gyara, ke iya wannan ba. Ka nemi masu gyaran babur ɗin ruwa wajen Abhur, su sun saba da irin wannan kuranshaf.

Ɗan Hindawiyya: To yaya, ke nan Yamahan ya fi sauƙi?

Kawu na Riyad: Ya fi sauƙi ga mai son hawa, ba mai son zaman warsha (garejin gyara) ba. Fo-sitirok ne, kuma shaf ke juya tayar baya, babu sarƙar da rairayi zai haɗu da giris ya cinye. Na 1978 ma ya rabu da kontak, ƙarafan da ke buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta, wutarsa ta lantarki ce. Amma yana da nasa halin, abu uku zan ce ka duba.

Buɗe murfin baƙin mai ka shinshina. Makunnin fetur na ƙasan tanki da zuƙar inji yake aiki, akwai 'yar roba a ciki. Idan ta lalace, fetur ya riƙa tsiyaya ta kafireta ya gangara cikin baƙin mai. Ka ji warin fetur ko ka ga man ya ƙaru ya tsinke, kada a tayar sai an juye shi an gyara makunnin, in ba haka ba boris zai tafi.

Sai giya ta biyu. An san na farkon wannan samfurin da fitar giya ta biyu idan aka matsa masa. Bayan an tayar, a gwada shi a hawa, a giya ta biyu, a buɗe totur sosai. Idan ta zame ta koma firi, gyaran na cikin inji ne, ka rage kuɗin daga farashi.

Na ukun, wuri uku yake shan mai kuma mutane na manta biyu. Baƙin mai na inji 20W-50 mai alamar JASO MA, saboda kulocinsa cikin mai yake, man mota na zamani zai sa shi santsi. Sai akwatin giyar tsakiya da na tayar baya, kowanne da man giya 80W-90 nasa daban.

Abu Sadik: Kawu, zafin fa? Iska ce ke sanyaya shi.

Kawu na Riyad: A sa masa kular mai. XS850 da ya gaje shi a 1980 da ita ya fito daga kamfani, ana ɗauko tasa a ɗaura wa 750. A kuma daina barinsa yana aiki a tsaye fiye da 'yan mintuna.

Mai Wayarin: Ko wanne ka ɗauka, wayoyinsa sun kusa shekara hamsin. Ka bi kowace mahaɗa ka goge koren da ya taru, musamman wayar ƙasa da ta akwatin fiyus. Idan ya tashi, sa mita a kan batir: ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5 idan an ɗan ba shi wuta. Ya wuce 15, regileta ta mutu, za ta dafa batir. Shi GT750 kontak uku gare shi, kowanne tazararsa 0.35 mm, kuma kowace silinda da nata taimin, za ka ga alamar L, C da R. Wanda ya saita ɗaya ya ce khalas, ya bar biyu suna faɗa da juna. Akwai na'urar lantarki da ake sayarwa a madadin kontak ɗin, ta cancanci kuɗinta. Fulogi kuwa NGK B8ES ga Suzuki, BP7ES ga Yamaha.

Wani abu ƙarami: sukurorin Japan na wancan zamani ba irin sukundireban da ke ko'ina ba ne, JIS ake ce musu. Da na gama-gari za ka cinye kansu ka koma neman diril.

Ɗan Hindawiyya: Wani ya ce mini in na sayi Suzukin in cire famfon mai in riƙa haɗa man da fetur a tanki, wai ya fi aminci.

Baba Makanike: Wanda ya gaya maka haka ƙaramin babur ya sani. A GT750 famfon nan ba silinda kaɗai yake ba mai ba, akwai tiyon da ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin kuranshaf. Haka ma Kawasaki H1 da H2. Ka cire shi, boris ya zauna da ƙishirwa. Abin yi shi ne a duba 'yan siraran tiyon nan, don sukan bushe su tsage. A cika su da sirinji a hankali, kada a hura musu iskar kwamfiresa, akwai ƙananan bawul a ciki da za su lalace. A kwance sukuron fitar da iska na jikin famfo har mai ya fito babu kumfa. Tankin farko kaɗai za ka haɗa, 20 ml na mai a kowace lita, don kariya kafin ka tabbatar tankin mai yana raguwa.

Kuma ku na Jidda ku kiyaye. Shagunan bakin teku cike suke da man injin kwale-kwale mai alamar TC-W3. Ba na babur ba ne, an yi shi ne don injin da ruwan teku ke sanyayawa. Ka nemi JASO FC ko FD.

Na Ɗa'if: Bari in ƙara da maganar jet, ɗan ramin da ke auna fetur a cikin kafireta, tunda duk wanda ya sayi irin wannan ba ya wata biyu sai ya fara sha'awar salansa mai ƙara da 'yan matatun iskan nan da ake maƙalawa bakin kafireta. Matatun dai ka manta da su. Ƙurar ƙasar nan gari ce, guguwa ɗaya ta isa ta shige su ta zama sanfefa a cikin silinda. Ka bar akwatin iska na asali, ka canja soson ciki kawai, don tsohon yana rugurgujewa injin ya zuƙe shi.

Idan ka canja salansa, dole a ƙara girman babban jet. Fara da mataki biyu sama, ka sa sabon fulogi, ka yi gudu da totur a buɗe, ka kama kuloc ka kashe inji nan take, ka duba launi. Kalar shayi da madara ake so. Baƙi, ka sauko mataki ɗaya. Fari, ka tsaya ka ƙara. Kuma a Jidda za a yi wannan saitin, ba a nan ba. Ɗa'if ta kai kusan mita 1,800 sama da teku, iskarmu ba ta da kauri. Wanda aka saita a bakin teku idan ya hau Hada, dutsen da ke kan hanyar Ɗa'if, zai ɗan yi nauyi, ya yi baƙin fulogi, ba komai. Wanda aka saita a sama ya gangaro ƙasa, fetur ya yi masa kaɗan, shi ne ake kwasowa a bayan mota.

Abu Sadik: Lagireton kuma rabi ruwan sanyaya inji, rabi tataccen ruwa, ban da na famfo. Ka leƙa ƙasan injin Suzukin, akwai ɗan ramin da ke tona asirin famfon ruwa. Ka ga ɗigon ruwa ko mai a nan, sil ɗinsa ya tafi. Sannan idan aiki ya kai ga cire bulok, ka shirya haƙuri: yakan manne da dogayen kusoshinsa saboda tsatsa. A jiƙa da man kwance tsatsa mako guda ko fiye, a ja shi da farantin ƙarfe da aka yi don haka. Mai ɓamɓara da sukundireba zai fasa shi, kuma ba a samunsa a tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci.

Kawu na Riyad: Tayoyin ko da sun yi kyau a ido, karanta lambar da ke bayan DOT. Lamba huɗu, misali 2319, mako na 23 ke nan na 2019. Lamba uku kuwa, kafin 2000 aka yi ta, a jefar. Man birki a juye a sa DOT 4, tiyon birki a canja. Tanki mai tsatsa a cika shi da khal (binigar) kwana biyu, a ɗauraye da ruwan bakin soda, a busar nan da nan, a sa 'yar matata a layin fetur.

Na Shari' Mansur: Kafin duk wannan, takarda. Lambar casis da ke wuyan babur ta zo daidai da ta istimara, wato takardar rajistar babur, harafi da harafi. Babur marar takarda kayan gyara ne kawai, komai kyansa. Kuma lasisin dabbab daban yake da na mota.

Ɗan Hindawiyya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yamahan yana da istimara, Suzukin mai shi ya ce sai ya nema.

Baba Makanike: To ɗauki Yamahan. Ranar da za ka je ka tafi da sifanar fulogi, geji, mita da tocila. Ka buɗe saman kafireta ukun ka ɗaga robar kowacce a gaban hasken, huji ko kamar na allura ne zai hana silindar ja. Ka turo mana lambar inji kafin ka yi odar kaya, don na 1977 da na 1978 ba komai nasu ne ke shiga juna ba.