Neman kalmar Hausa: me za mu kira watercolor?

Malamar Zane: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan miƙa fassarar darasin zane na 'yan aji biyar, kalmar watercolor, launin zanen nan da ake damawa da ruwa, ta tsaya mini. Ina son suna guda da zai ɗauki kayan da kuma zanen da aka yi da su.

Mai Buroshi: Fentin ruwa, Malama.

Mai Allon Talla: A'a. Shiga Babbar Kasuwar Sakkwato ka ce fentin ruwa, bokitin fentin bango za a miƙo maka, kishiyar fentin mai. Shi in ya bushe ya bushe ke nan. Wanga kuwa ko bayan shekara ka ɗiga mai ruwa sai ya narke.

Mai Buroshi: To launin ruwa.

Mai Allon Talla: Mai ji zai ɗauka launin da ruwa ke da shi ake nufi.

Baba Mai Zayyana: Ku bar wahala, launin ƙaro ne sunansa. Garin launi ne da ƙaron dakwara, ƙaron da ake sa wa tawadar allo. Ƙaro kashi 1, ruwan ɗumi kashi 2, a bari ya narke, a tace, a ɗiga zuma kaɗan don kada ya ƙandare, sannan a niƙa garin a ciki. Ƙaro ya yi yawa, zanen ya yi ƙyalli ya tsattsage. Ya yi kaɗan, launin ya kakkaɓe a yatsa. Fenti da kala duk Turanci ne, mi ya kai mu ara alhali muna da namu?

Mai Buroshi: Ranka ya daɗe, tawadar ma daga Larabci ta zo. Kuma fosta kala da yara ke amfani da ita akan haɗa ta da irin wannan danƙo, sai dai tana rufe takarda ruf. Abin da ya raba su shi ne shara-shara. A watercolor babu farin fenti, takardar ce fari, shi ya sa ake farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu. Sunan da bai nuna wannan ba bai cika ba.

Baba Mai Zayyana: Da daga Kano sunan ya fito da tuni kun karɓa. In mu munka faɗi sai a tsaya bincike.

Mai Allon Talla: Baba, ba maganar gari ba ce. Mai shagon kayan makaranta wotakala ya sani. Yaro ya ce launin ƙaro, hannu banza zai koma gida.

Baba Mai Zayyana: Mai shago ne zai koya muna Hausa?

Mai Buroshi: Malama, ko wane suna kika ɗauka, ki sa waɗannan a darasin. Takardar littafin rubutu kumbura take yi, a nemi mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita in an samu, a liƙe gefunanta huɗu a jikin katako. Kofin ruwa biyu, na wanke buroshi da na dama launi, in ba haka ba komai ya koma ruwan ƙasa. Da hunturu launin da aka shafa kan bushe kafin a kai ƙarshen takarda ya bar layi a tsakiya, don haka a dama launi isasshe tun farko, a kashe fanka, a ɗan karkata katakon a yi ta janyo ruwan zuwa ƙasa ba tsayawa.

Malamar Zane: Na gode. Zan rubuta launin ƙaro shara-shara a karon farko, in ce shi ne wotakala, daga nan in ci gaba da launin ƙaro. Sunan zanen kansa har yanzu ban samu ba.

Baba Mai Zayyana: Wotakalar nan dai ba ta kwanta mini ba, ɗiyata. Amma a tafi a haka.