Kalmar "gwanjo" ta tada ƙura a zauren masu rubuta manhaja na Sakkwato

Ɗan Mabera: Jama'a ku taya ni jin wanga takaici. Kwana goma ina rubuta ma wani mai shagon buga takardu manhajar rage nauyin hotunan fasfo. Na haɗa ta da GCC, kamfaila mai juya rubutun yaren C zuwa manhajar da kwamfuta ke ganewa, na sa -mavx2 mai kunna AVX2, wato umarnin furosesa na saurin lissafi, don ta yi gudu, a laftof ɗina kamar walƙiya. Da munka kai shago, ana danna ta sai ta rufe kanta. Sau huɗu. Mai shago ya tsura min ido, ga masu jira har bakin ƙofa. Ashe kwamfutarsa 'yar gwanjo ce, mai tsohon furosesa Core 2 Duo da bai san AVX2 ba. Ni dai na ce GCC bai dace da mu ba, tunda bai iya kunna AVX2 wuri guda ya bar saura.

Injiniya: Yana iyawa, ƙanena. Shi -mavx2 izini ne ga fayil ɗin duka, kamfaila zai cusa umarnin AVX2 duk inda ya ga dama, har inda ba ka nema ba. Cire shi. Fankshin ɗin, wato sashen manhajar, da ke lissafin hoto kaɗai za ka ɗora ma target("avx2"), ka rubuta wani na SSE2, tsohon umarnin da kowane furosesa x86-64 (mai bit 64 na Intel da AMD) ke ɗauka, sai __builtin_cpu_supports ya tambayi furosesa lokacin aiki a zaɓi wanda ya dace. Tun GCC 6 akwai target_clones mai yin wannan da kansa, amma ya dogara ga ifunc, wata dabarar zaɓen fankshin da babu ita a Windows, don haka can da hannu za ka yi.

Alhajin Kasuwa: Tsaya Injiniya. Yaro, mi kake nufi da gwanjo? Gwanjo riga da wando ne. Kwamfuta 'yar Beljiyom ake cewa. Da su munka yi ilmin rabin zauren ga.

Ɗan Mabera: Alhaji ban ambaci shagonka ba.

Alhajin Kasuwa: Ba sai ka ambata ba, mun ji.

Malama Arkilla: Duk abin da wani ya mora ya sayar, gwanjo ne, Alhaji, ko mota ce. Amma tsufa ba shi ne duka laifin ba. AVX2 ya zo da furosesan Intel na Haswell a 2013, kuma shekaru bayan nan an ci gaba da sayar da furosesan Celeron da Pentium sabbi fil cikin kwali ba su da ko AVX na farko, balle AVX2.

Alhajin Kasuwa: Awo! Kun ji ko? Sabuwar ma ba ta tsira ba. A janye kalmar.

Na Runjin Sambo: Ba za a janye ba. Batirin da anka sayar min bara minti ashirin yake yi, shi ma ɗan Beljiyom ne?

Alhajin Kasuwa: Da zafin Afrilu ka bar shi cikin but ɗin babur, ka zo kana zargin mutane.

Mai Windows: Duk wahalar ga ta 'yan GCC ce. A Visual Studio, kayan rubuta manhaja na Microsoft, kana kiran umarnin AVX2 kai tsaye ba tare da kunna komai ba.

Injiniya: Ka kira shi ba ka duba furosesa ba, haka za ta mutu a shagon nan.

Mai Windows: Ni tawa ba ta taɓa mutuwa ba.

Malama Arkilla: Don ba ka taɓa fitar da ita daga ɗakinka ba.

Na Runjin Sambo: Af, tunda an taru, ina kuɗin da munka tara na taron da ba a yi ba?

Admin: A dakata haka, ga taƙaitawa. An fahimci cewa matsalar daga C take. A yaren Rust, tun sigar 1.27 ta 2018 akwai target_feature da is_x86_feature_detected masu yin wanga aiki, kuma na sha faɗa muku ku koma can. Injiniya ma kusan abin da yake nufi ke nan. Kalmar gwanjo an bar ta, Alhaji babba ne. Maganar kuɗin taro ba nan ne wurinta ba.

Injiniya: Ban ce komai kan Rust ba.

Ɗan Mabera: Don Allah Injiniya, target ɗin nan a gaban sunan fankshin ake sa shi ko a baya? Mai shago ya ce bayan la'asar zai kira.

Alhajin Kasuwa: Ka turo min shi, akwai Core i5 masu tsabta sun iso jiya.