Duhu mai siffar X a bidiyo, tabo a sararin sama: laifin lensi ne ko na kyamara?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Kyamarata marar madubi ce mai sensa (farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto) girman APS-C, wadda ba ta kai babbar sensa ba, kuma har yau da lensin da ya zo da ita nake aiki, 16-50mm, f/3.5-5.6. Galibi hoton mutane nake ɗauka, sai ɗan bidiyo a waje da rana.

Abu uku ke damuna. Na sayi filta ND, gilashin rage haske da ake ɗaurawa a bakin lensi, irin wadda ake murɗawa don ƙara duhu, amma da zarar na kai ta ƙarshe, musamman a 16mm, sai wani duhu mai kama da harafin X ya kwanta a tsakiyar bidiyon. Sannan duk hoton da sararin sama ya fito a ciki, akwai wasu tabo a can sama ta hagu, kullum a wuri ɗaya, alhali na goge gilashin gaba fes. Na ƙarshe ya fi ba ni tsoro: a ɗaki mai fitilun LED, hotuna na fitowa da ratsi-ratsi masu duhu a kwance. A irin wuraren nan nakan sa kyamarar ta yi shiru don kada ƙararta ta dami mutane.

Wani abokina ya ce lensin ne ba shi da kyau, in canza. Idan haka ne, wanne zan ɗauka, 35mm ko 50mm f/1.8? Kuma lallai ne in haɗa da filta UV, mai tare nau'in hasken rana da ido ba ya gani?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. A cikin ukun nan babu wanda sabon lensi zai warkar.

Tabon da ba ya barin wurinsa ƙura ce a kan sensa. Kyamara marar madubi, kana cire lensi sensarta na fili, babu abin da ya tare ta. Ƙurar da ke kan gilashin gaba kuwa da wuya ta fito a hoto. Gwada ka gani: ka matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22 (yadda lambar f ke girma, haka ƙofar ke ƙanƙancewa), ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), ka ɓata fokas da gangan, ka ɗauki farin bango kana ɗan motsa kyamarar. Duk abin da ya fito ɓaro-ɓaro a hoton, a kan sensa yake. Shi ya sa ba ka ganinsu a hoton fuska, inda ƙofar take a buɗe, sai a hoton waje da ka matse ta. Ka kuma tuna hoto a kife yake sauka a kan sensa, don haka tabon da ke sama a hoto, a ƙasa za ka neme shi.

Fara da sharar da kyamarar ke yi da kanta, tana cikin menu. Idan bai fita ba, ka cire lensi, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura da ɗan famfon roba na hannu. Don Allah ban da iskar baki, ban da iskar gwangwani, ban da bakin riga.

Maganar X kuma, filtar ce. ND mai murɗawa gilasai biyu ne masu tace haske, ɗaya a kan ɗaya. Idan suka kusa gittawa juna gaba ɗaya, duhun ba ya rabuwa daidai, kuma lensi mai faɗi ya fi fallasa haka saboda haske na shigo masa ta kusurwa daban-daban. Kada ka wuce alamar ƙarshe da ke jikin zoben. Ni dai na fi son ND mai tsayayyen duhu. Ga lissafin: a rana tsaka, ISO 100, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/50 na daƙiƙa don bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa, hasken zai tilasta maka kusan f/22. Daga nan zuwa f/8 mataki 3 ne (kowane mataki ninka haske sau biyu ne), aikin ND8 ke nan. Zuwa f/2.8 mataki 6 ne, sai ND64. Biyun nan sun ishe ka.

Mai Bidiyo:

Malam ya gama magana kan biyun farko. Ratsin nan kuwa, kai da kanka ka faɗi dalilinsa: shirun da kake sa kyamarar. Yanayin shiru shotar lantarki ce, tana karanta sensa layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. Fitilar kuma ƙiftawa take yi da saurin da ido ba ya kamawa, sau 100 a daƙiƙa inda wuta ke 50Hz, sau 120 inda take 60Hz. Wasu layukan su dace da haske, wasu su dace da duhu.

Koma shotar labule, wato ta inji da ke buɗewa tana rufewa a gaban sensa, ka haƙura da ƙarar. A bidiyo babu labule, sai ka daidaita gudun shota da wutar: 1/50 ko 1/100 a 50Hz, 1/60 ko 1/120 a 60Hz. Akwai fitilun LED masu na'urar rage haske da ke ƙiftawa da gudu fiye da haka nesa ba kusa ba. Waɗannan sai ka yi ta sauya gudun kana duban allo har ratsin ya ɓace.

Hajiya Mai Hoto:

Ƙanena, bari in taɓa maganar lensin, don duk da ba shi ya jawo matsalolin ba, burinka na saye ba laifi ba ne. Lensinka a 50mm yana tsayawa a f/5.6. Na f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma a kan haka. A cikin ɗaki bambancin ba ƙarami ba ne, ga kuma bayan mutum da zai narke ya bar fuska ita kaɗai.

Amma lura da girman sensarka. A Sony, Nikon da Fujifilm ana ninka lambar mm ta lensi da 1.5, a Canon 1.6. Wato 50mm zai gani kamar 75 ko 80 a babbar sensa, 35mm kuma kamar 52 ko 56. Don kai da kafaɗa, 50 ya fi kyau. Amma a ƙaramin ɗaki, ka ce mutum huɗu su tsaya, za ka yi ta ja da baya har bango ya tare ka. Tunda zum ɗinka ya ƙunshi duka biyun, ka tsayar da shi a 35 ka yi aikin yini guda ba tare da ka taɓa shi ba, wata rana kuma a 50. Wanda bai ƙuntata maka ba, shi ne naka. Ni 35 zan zaɓa wa mai lensi ɗaya da ke haɗa hoto da bidiyo.

Kafin ka ƙara sayen filta, duba lambar da ke bayan alamar ø a gaban lensin, ita ce faɗin bakinsa. Sabon zai iya bambanta da tsohon. Ka sayi babbar filta guda, misali 67mm, da zoben ƙari da zai haɗa ta da bakin kowane lensi, ba sai ka saya sau biyu ba. Illarsa ɗaya, hular lensi, wato rumfar da ake sa wa bakinsa don tare haske daga gefe, ba za ta shiga ba.

UV kam ban ga amfaninta ba. Zamanin fim ne ya buƙace ta, yanzu akwai matatar UV a gaban sensa tun daga kamfani. Idan marar inganci ce, da dare za ka ga kowace fitila ta haifi wata 'yar'uwarta mai kore-kore a ɗaya ɓangaren hoton. Hula ta fi ta kare gilashi daga bugu.

Tsohon Hannu:

Hajiya, a nan ɗaya muka rabu. Gaskiyarki kan dare, ni ma cire ta nake yi. Amma a iska mai yashi ko bakin teku, gara in yi ta goge filta da in yi ta goge gilashin lensi. Sharaɗin dai ta zama mai shafe-shafen hana ƙyalli da yawa a kan gilashinta, ba ta banza ba.

Sabon Hannu:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na yi gwajin bango, tabon sun fito kamar yadda Malam ya ce. Famfo ya kore su, saura ɗaya mai zagaye da ya ƙi motsi. Ratsi ya tafi da na koma labule. Sai dai yanzu filtar ND ta liƙe a bakin lensin, gilashin gaban ne kawai ke juyawa.

Tsohon Hannu:

Kada ka matse ta da yatsa biyu, matsin ne ke lanƙwasa zoben ya ƙara kamawa. Naɗa roba mai faɗi a zoben baya, wanda ke manne da lensin, ka kama shi da yatsu duka a sassauce ka juya hagu. Kashe kyamarar kafin ka fara, kuma kada ka yi da ƙarfi, don hancin irin wannan zum ɗin ba shi da ƙwari.

Tabon da ya rage mai yiwuwa ɗigon ruwa ne ko mai da ya bushe. Wannan sai sandar goge sensa mai girman APS-C da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwanta, ja ɗaya daga gefe zuwa gefe, kuma ba a maimaita sanda. Idan sensarka irin mai motsi ce don hana rawar hannu, duba littafin kyamarar ka ga yadda ake tsayar da ita kafin ka taɓa. Idan hannunka bai natsu ba, kai wa mai gyara.