Kwashe yaran Ingila a 1939: ceto ne ko zalunci?

Ɗan Zariya: Jama'a ni fa ina nan kan bakata, kwashe yaran da Ingila ta yi daga 1 ga Satumba 1939, a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, kuskure ne. Cikin 'yan kwanaki an ɗebe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga Landan da sauran manyan birane aka watsa su ƙauyuka, 'yan makaranta sama da 800,000 sun tafi ba uwa ba uba sai malamansu, an maƙala wa kowa takarda da sunansa a riga kamar kaya a tasha.

Maman Khalifa: Haba malam, to a bar su Jamus ta yi musu ruwan bama-bamai? Kuma ba a tilasta wa iyaye ba fa, su suka yarda. 'Yan ƙasa da shekara biyar ma ai da uwayensu suka tafi.

Ɗan Zariya: Wane bam? Watanni aka yi shiru kake ji, zuwa Janairun 1940 kusan rabin yaran sun koma gida, uwayen ma tun kafin nan suka gudo, wace mace ce za ta jure girki a kicin ɗin wata.

Malamin Tarihi: Ka tsaya a tsakiyar labari ɗan uwa. Ran 7 ga Satumba 1940 jiragen Jamus suka fara lugude a Landan, dare 57 a jere, zuwa ƙarshen watan Mayun 1941 farar hula sama da 40,000 sun mutu a faɗin ƙasar. Dole aka sake kwashe yaran.

Baban Yusra: Ni ba tafiyar ce ta dame ni ba, saukar ce. A jera yara a zauren taro masu gida su zo suna nuna wanda suke so, manoma su ɗauki ƙartin samari saboda aikin gona, wanda ya zo da ƙwarƙwata ko ƙazamin kaya shi ne na ƙarshe. A lokacin gwamnati na biyan mai gida sule goma da sisi a sati kan yaro ɗaya, kuma in kana da ɗaki ka ƙi karɓa ana iya cin ka tara. Wanda aka ɗora wa riƙo dole me kuke zato?

Maman Khalifa: Ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba Baban Yusra, wasu a can suka fara cin abinci mai kyau, suka fara ganin saniya da idonsu.

Ɗan Zariya: To ita Anna Freud, masaniyar halayyar yara, da ta kula da yaran yaƙi a unguwar Hampstead ta Landan fa? Ta lura rabuwa da uwa ya fi girgiza ƙaramin yaro a kan ƙarar bam.

Maman Khalifa: Wallahi gara ɗana ya yi ta kukan kewata a ƙauye da in tono shi a ƙarƙashin gini.

Malamin Tarihi: Ƙananan yara take nufi ai malam, kai kuma ɗazu 'yan makaranta ka kawo, ka tsayar mana da ɗaya tukuna.