Neman shawara: yaya zan koyar da labarin ƙasa ba taswira, ba kayan aiki?

Assalamu alaikum malamaina. Ni sabuwar malama ce, wannan zangon aka tura ni wata makarantar sakandaren gwamnati da ke wajen birnin Kano, aka ba ni labarin ƙasa na SS1 da SS2. Ajin SS2 ɗalibai 84 ne. Ba mu da ƙwallon duniya, taswirar bango guda ce kuma ta Afirka ce, ta yage, littafi ɗaya ne a hannuna. Abin da ya fi damuna shi ne karatun taswira. Na zana layukan tsayi, wato kontuwa, a allo har sau uku, yara sun kwafa tsaf, amma da na tambaye su ina tudu ina kwari sai aji ya yi tsit. Wallahi ranar da ƙyar na ci abinci, domin ina son darasin nan kuma na ga suna neman tsanarsa. Don Allah waɗanda suka riga ni a aikin nan ku taimaka mini da dabara, musamman wadda ba ta cin kuɗi.

Wani malami mai ritaya daga Zariya:

Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 31 na yi ina koyar da wannan darasi, kuma kontuwa ba ta taɓa shiga kan yaro daga allo ba. Gobe ki biya kasuwa ki sayi babban dankalin Hausa, ki raba shi biyu ta tsawo, ki kifa rabin a kan takarda. Ga dutsenki nan. Ki zagaye gindinsa da biro, sannan ki yanke faifai ɗaya daga ƙasa mai kaurin santimita 1, ki ajiye faifan gefe, ki mayar da ragowar daidai inda take ki sake zagayewa. Haka za ki yi ta yi har ki kai ƙololuwa. In kin ɗauke dankalin, abin da ya rage a takarda shi ne kontuwa. Yaran da kansu za su lura cewa ta gefen da dankalin ya miƙe tsaye layuka sun matse, ta gefen da ya kwanta sun warwatsu. Kada ki gaya musu, ki bari su faɗa da bakinsu. Ki raba su rukuni goma, kowane rukuni da dankalinsa, amma wuƙa ta tsaya a hannunki.

Bayan nan sai ki kai su ga dutse na gaske. Ni Kufena nake nuna wa nawa, ke kuma kina da Dala da Goron Dutse. Ko ba ki kai su ba, yawancinsu sun taɓa ganin Dala. Ki tambaye su ta ina ya fi wuyar hawa, sannan ki ce su zana yadda layukansa za su kasance.

Sikeli kuwa, wato ma'aunin taswira, da igiya ake koyar da shi. Ki samu igiya mai mita 10, su auna harabar makaranta, ajujuwa, rijiya, masallaci, filin ƙwallo, su zana a kan santimita 1 madadin mita 10. Yaron da ya yi wannan, in ya ga 1:50,000 a jarrabawa ba zai firgita ba, zai gane cewa santimita 2 kilomita 1 ne a ƙasa.

Wata malama daga Maiduguri:

Baba ya gama magana a kan kontuwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ba ki wadda ta fi yi mini aiki a lissafin longitud, wato nisan wuri gabas ko yamma a digiri, da lokaci, inda yara suka fi faɗuwa. Ina fara wa da tambaya ɗaya: in azumi ya zo, wa ke riga wani shan ruwa, mu ko Sakkwatawa? Duk sun san mu ne. To don me, alhali agogonmu ɗaya? Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen digiri 5, tazara digiri 8 ke nan. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa guda, digiri 1 a minti 4. Sai su buga 8 sau 4, su samu minti 32. Daga nan ki ɗauko jadawalin lokutan salla su duba da idonsu, za su ga kusan rabin awa ne tsakani. Ranar da na fara yin haka wata yarinya ta ce ashe abin da kakarta ta sani ne aka mayar lissafi. In sun gane wannan sai ki wuce zuwa Makka, ki tambaye su me ya sa agogon alhazai ke gaba da namu da awa 2.

Ƙwallon duniya kuma kada ya dame ki 'yar'uwa. Ƙwallon ƙafa, tocila da ajin da aka rufe tagoginsa sun isa nuna dare da rana.

Wani matashin malami daga Kaduna:

Malama ki sauke Google Earth a wayarki. Ki nemo makarantarku daga sama, ki bi Kogin Kano har madatsar Tiga, ki bi Kwara da Binuwai har inda suka haɗu a Lakwaja. Akwai hotunan Tafkin Chadi na shekarun baya, su ga yadda ya janye daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960. Minti biyar na wannan ya fi zane goma.

Malamar Maiduguri ta sake cewa:

Malam, waya ɗaya ga yara 84? Na gwada, rabin darasin ya tafi a turereniya. Abin da nake yi yanzu, ina ɗaukar hoton allon wayar a gida, in buga guda goma a shagon kwamfuta, in manna a kwali. Sun shekara biyu ina amfani da su.

Wani malami daga jihar Maraɗi, Nijar:

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan tarihi da labarin ƙasa a haɗe muke koyar da su, kuma rashin kaya duk ɗaya ne. Malama, abin da ban ga an ambata ba shi ne yanayi, kuma shi ya fi sauƙi, tunda sararin sama kyauta ne. Ki samu gorar ruwa ta roba wadda jikinta ya miƙe sambal, ki yanke wuyanta ki kifa shi ciki kamar mazurari, ki zuba tsakuwa da ruwa kaɗan don gindin ya daidaita, ki manna rula daga saman wannan ruwan. Ki ajiye ta fili nesa da itace da indararo. Kowace safiya yara biyu su karanta milimita nawa aka samu, su rubuta a littafi ɗaya. Ƙarshen damina kuna da alƙalumanku na kanku da za su zana jadawali da su, su kwatanta da hasashen da hukumarku ta kula da yanayi, NiMet, take fitarwa kowace shekara.

Ki sa su riƙa rubuta ta inda iska ke fitowa. Da hunturu daga arewa maso gabas take, busasshiya, da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi. Da damina daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar tekun Atilantika. Duk darasin iskoki biyu da inda suke haɗuwa yana nan a cikin ƙyalle ɗaya da aka ɗaura a sanda.

Sannan kada ki koyar da kwararowar hamada kamar labarin mutuwa kawai. A Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 manoma suke barin tohon itace a gona suna gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani, kuma gonaki da yawa sun sake yin itatuwa. Ki tambaye su me ya sa manomi ke son gawo a gonarsa. Ɗan manomi zai gaya miki yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma ƙasan gindinsa ya fi albarka. Yaron da ba ya magana a aji, ranar za ki ji bakinsa.

Wani mai duba takardun jarrabawa daga Katsina:

Duk shawarwarin nan na yarda da su, amma bari in ja hankali. WAEC da NECO da Turanci ake rubuta su, kuma taswirar gaske ake ajiye wa yaro a gabansa. Ki yi bayani da Hausa har su gane, ba laifi, amma kafin a tashi kowace kalma ta hau allo da Turancinta, su kuma yi jimla da ita. Ki je ofishin jarrabawa na makarantarku ko na maƙwabta ki roƙi tsofaffin taswirorin shekarun baya, sau da yawa suna nan jibge a kabad. Su saba da auna tsawon kogi da zare, da zana yankan ƙasa daga wannan wuri zuwa wancan, da gane inda ruwa ya dosa: a kwarin kogi layukan kontuwa suna yin tsini, tsinin kuma yana kallon inda ruwan ya fito. A nan nake ganin maki yana zubewa kowace shekara.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan iyaye. Yau na yi na dankalin da SS2. Rukuni bakwai sun fitar da shi daidai, uku sun goce wajen mayar da dankalin inda yake, don haka gobe zan soke shi da tsinke biyu ya zauna wuri ɗaya. Malam na Katsina, na samu taswira 14 a kabad ɗin ofishin jarrabawa, ƙura ta rufe su. Saura abu ɗaya Baba: mako mai zuwa zan shiga kan karkatar duniya da tafiyar rana, akwai abin da zan yi a waje?

Malamin Zariya:

Akwai 'yata. Ki kafa sanda mai mita 1 a tsaye cak a fili, su auna inuwarta lokacin da ta fi gajarta. A Kano wannan ba ƙarfe 12 daidai ba ne, yakan kai wajen 12 da rabi, domin agogon Najeriya a kan digiri 15 gabas aka saita shi, Kano kuwa tana wajen 8 da rabi. Su riƙa aunawa sau ɗaya a mako. Tunda Kano tana digiri 12 arewa, wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta inuwar za ta kusan ɓacewa a gindin sandar. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa. Ki kafa sandar inda awaki ba za su ture ta ba, ki kuma sa siminti kaɗan a gindinta.