Silon motata yana hawa yana sauka, kuma an ce in canza famfon mai

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 mai inji 1.8, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, kuma tun da hunturu ya kama ta ɓullo da wani hali a silo, wato lokacin da inji ke aiki mota tana tsaye, da ya hana ni sakat. Idan na tayar da ita da asuba, sai allurar da ke nuna juyin inji ta haura wajen 1,200, ta faɗo ƙasa da 600, ta sake haurawa, motar tana karkarwa har sitiyari ya ɗauka. Idan inji ya yi zafi abin yana raguwa, sai dai idan na tsaya a cunkoson Anloga Junction a nan Kumasi da esi a kunne, nan ma takan yi kamar za ta mutu, kuma sau biyu ta mutu ɗin. A kan hanya kuwa lafiya lau take gudu, ranar Lahadi ma na je Ejisu na dawo. Na canza fulogi huɗu, ban ga bambanci ba, yanzu kuma fitan da nake kai wa, wato makanikena, ya ce famfon mai ne. Kafin in sake zuba kuɗi, ina neman shawarar waɗanda suka san abin.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam ɗana. Shekara talatin na yi ina jan mota tsakanin Kumasi da Tamale, kuma duk hunturu ƙura ce ke fara kayar da mu. Ka buɗe akwatin matatar iska ka ɗaga ta ga rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Daga nan a kwance bututun da ke shiga totur a duba bakinsa, domin baƙin datti yakan taru a gefen marfin har ya rage 'yar iskar da inji ke shaƙa a silo. A wanke shi, a kuma wanke bawul ɗin silo da ke jikinsa.

Masta Suame:

Baba ya yi gaskiya a kan matatar iska da totur, sai dai ina neman afuwa in yi gyara guda: Corolla ta Amurka daga 2005 totur ɗinta na lantarki ne, ba ta da bawul ɗin silo daban, kwamfutar motar ce ke buɗe marfin da kanta. Saboda haka idan an wanke shi kada a riƙa banƙare marfin da ƙarfi, kuma kada hankalinka ya tashi idan silo ya ɗan yi sama bayan wankin, domin kwamfutar takan ɗauki lokaci kafin ta daidaita.

Maganar famfon mai kuwa, Malam, ban gamsu da ita ba. Famfon da ya gaji yana nuna kansa ne a lokacin da inji ke neman mai da yawa, wato a hawan tudu ko wajen wuce wata mota, kai kuma ka ce ka je Ejisu ba ta yi maka gardama ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ciwon ya fi tsanani da sanyin safiya. Wannan injin, 1ZZ, an san shi da lalacewar gasket ɗin roba da ke tsakanin manifol na shigar iska da kan inji. Idan robar ta tsufa takan bushe ta ƙanƙance, iska ta riƙa satar hanya ba tare da sensa ta auna ta ba, sai mai ya yi kaɗan a cikin haɗin, kwamfuta ta yi ta ƙarawa tana ragewa, allura kuma ta yi ta rawa. Da inji ya yi zafi sai robar ta ɗan kumbura ta toshe kafar.

Ka sa a jona mata kwamfutar bincike. Idan ta nuna P0171, wato lambar da ke nufin mai ya yi kaɗan a cikin haɗin, ka ce a duba yawan man da take ƙarawa: idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari a silo, amma ya sauko da aka taka totur juyin inji ya kai 2,500, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan bai sauko ba, sai a koma kan sensar auna iska da ke bayan matata, a fesa mata maganin da aka yi dominta, ba fetur ba, kuma kada a taɓa siririyar wayar cikinta da hannu.

Mai Wayarin Tafo:

Ƙari kaɗan, tunda ka ambaci esi. A auna batir inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5, idan ya gaza haka da esi da fitilu a kunne, a duba altaneta da kan batir.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri, Baba da Masta da ɗan'uwa na Tafo. Na kwanar da motar a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, domin a gwada ta da sanyi, kuma P0171 ɗin ce ta fito. Yaron gareji ya fesa maganin wanke kafireto kaɗan kaɗan a gindin manifol, muna tsaye da abin kashe gobara kusa, yana isa wajen silinda ta huɗu sai muryar injin ta canza. Da aka ciro gasket ɗin, ya yi tauri ya baje, na lanƙwasa shi da yatsa sai ya tsage. An sa sabo, an wanke totur, yau kwana uku allura tana zaune wajen 700 idan inji ya yi zafi. Batir ya nuna 14.1. Saura wata 'yar girgiza da nake ji a kujera idan na sa giya na taka birki, kuma fitan da ya yi aikin ya nuna mini robar da ke riƙe inji ta gefen dama tana yoyon mai. Masta, zan iya ci gaba da hawa haka zuwa ƙarshen wata, ko in nemo ta tun yanzu?